Ranar da Baba Ya Yi wa Kansa Amshi

Ni tela ne, kuma duk wanda ya taɓa kawo mini ɗinki a kasuwar Boɗinga ya san halina. Idan layi ya karkace ko da faɗin zare ɗaya ne sai na farke shi, ko da mai kaya na tsaye a kaina yana rantsuwa cewa shi bai ga komai ba. Matata ta ce wannan ba gwaninta ba ce, ciwo ne. Wataƙila da gaskiyarta, don wannan halin ne ya kusa sa in yi wa mahaifina ɓarnar da ba ni da allurar gyara ta.

Baba mawaƙin noma ne a Lambara, can ƙasar Shagari. A zamaninsa idan mutum ya kira gayya, samarin gari suka taru don su nome masa gona a yini ɗaya, Baba ne ke gabansu yana tafiya da baya-baya yana ba da waƙa, mutum uku suna yi masa amshi, sauran jama'a su ɗauka, kowa duƙe da kalmensa, 'yar fartanyar nan tamu ta noma. Ni ban tarar da abin da ƙarfinsa ba. Kafin in yi wayo sosai maganin feshi ya shigo, 'yan ƙwadago suka karɓe sauran aikin, gayya ta kwanta. 'Yan amshinsa uku suka rasu ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ya rufe bakinsa ya koma noman geronsa.

Da muryarsa ta fara dishewa mun ɗauka mura ce. Aka sha zuma, aka sha citta, abu ya ƙi. Na kai shi asibiti Sakkwato, likita ya leƙa ya ce akwai tsiro a maƙogwaro, sai an yi aiki, ya sa mana ranar Litinin mai zuwa. Da Baba ya fita sai likitan ya riƙe ni ya gaya mini gaskiya, ya ce muryar magana wataƙila ta dawo ƙasa-ƙasa, amma ta waƙa kada mu sa rai. A cikin bas muna dawowa na tuna ba a taɓa ɗaukar muryar Baba ba, ko a tsohon kaset. Wato ranar Litinin za a shiga da waƙar ɗakin tiyata, a fito babu ita.

Bayan shagona akwai situdiyo. Mai ita dattijo ne da ya yi aiki gidan rediyo har ya yi ritaya, ya dawo gida yana ɗaukar tallan magani da waƙoƙin biki da na 'yan makarantar Islamiyya. Ni da shi ba ma ga maciji, don shi yana cewa kekena na shiga masa makirfo, ni ina cewa kiɗansa na hana ni jin awon da ake gaya mini. Ranar dai na haɗiye girman kaina na je na same shi. Bai ja mini rai ba, ya ce in kawo Baba ranar Asabar da hantsi.

Baba ne ya turje. Ya ce, "Waƙa ba amshi? Wanga ai kuka na, ba waƙa ba." Na ce sai in samo samari su koya. Ya dube ni sheƙeƙe ya ce yaran da ba su taɓa duƙawa gona ba, mi za su amsa? Na yi lallashi, na yi fushi, har na ce to shi ke nan, ya tafi da abarsa. Daga ƙarshe dai ya yarda ya biyo ni Boɗinga da sunan zai kwana gidana kafin ranar asibiti, kuma zai leƙa situdiyon don kada a ce ya wulakanta dattijo ɗan uwansa.

Ɗakin ƙanƙane ne, an manne bangonsa da katifa da kwalin ƙwai, taga a toshe. Bazara ce, zafi kamar a ɗakin toya burodi, kuma mai situdiyo ya ce fanka ba za ta yi aiki ba, don makirfo na jin ta. Janareto ma can nesa ya kai shi bayan gidan wanka, ya jawo doguwar waya. Ya durƙusa ya gai da Baba, suka daɗe suna tambayar juna gida da iyali da zafi. Baba ya faɗa masa abin da ya faɗa mini. Mutumin bai yi musu ba. Ya ce, "Baba, ka yi mini alfarma ka ji wani abu tukuna." Ya saƙala masa abin ji a kunne, ni ma ya miƙo mini ɗaya.

Wata tsohuwar waƙa ce ta Turawa masu kaɗa jita, irin wadda ake ji jama'a na rerawa a filin ƙwallo. Ba kalma ɗaya da muka gane, amma ana buga ƙafa ana tafi, har kana jin ƙasa na girgiza a ƙirjinka. Ya kashe ya ce, "Baba, mutum nawa ka ji?"

Baba ya ce, "Wanga ai gari guda na."

Mai situdiyo ya yi dariya ya ce yadda ya samu labari, masu waƙar ba su wuce a ƙirga su da yatsun hannu ɗaya ba. A ɗaki suka buga ƙafa a kan katako aka ɗauka, suka sake bugawa aka ɗora a kan na farko, aka sake, aka sake. Ya ce amma asirin ba a yawan ɗorawar yake ba. Idan duk suka faɗi daidai wa daida, kunne zai ji mutum ɗaya ne mai ƙaton takalmi. Sai an ɗan ja wannan gaba, an tura wancan baya, kowanne da nasa ɗan lattin, sannan kunne ya yarda taro ne. Baba ya shafa gemu ya ce, "To ai haka gayya take." Bai ce ya yarda ba, amma ya cire babbar rigarsa ya miƙo mini.

Gwajin farko abin kunya ne. Aka tsayar da shi gaban makirfo, aka sa masa wani ƙyas-ƙyas a kunne wai don ya riƙe masa lokaci. Ya fara baiti ɗaya ya sarƙe, ya sake ya manta na biyu. Ya fizge abin ya ce a fitar masa da ƙwaron nan daga kunne. Gabana ya faɗi, don na san kowane gwaji yana cin muryar da ta rage. Mai situdiyo ya tambaye shi da me yake riƙe lokaci a gona. Baba ya ce da saran kalme mana, da mi kuma? Mutumin ya juyo ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Tela, ka iya noma?"

Haka na tsinci kaina ina ciko buhu da ƙasa daga bayan kasuwa, na biya rumfar maƙera na aro kalme. Aka zuba ƙasar a tsakar situdiyo, aka sa wa makirfo safa don ƙura, aka kwantar da shi kusa da ƙasa. Na duƙa na fara sara. Baba ya ce, "Kai, kai! Ƙasa kake nome ko maɓalli kake sawa? Saki kafaɗa!" Ya kama hannuna ya nuna mini yadda ake sara a ja, ya tsaya yana kaɗa mini lokaci da ƙafa. Ina ɗan manomi, ina da furfura a gemu, ga ni ana koya mini noma a kan siminti. Na sara har aka ce ya isa. Aka matsar da makirfo baya na sake. Aka yayyafa wa ƙasar ruwa na sake. Mai situdiyo ma ya naɗe hannun riga ya karɓa ya yi nasa, don a cewarsa hannu ɗaya ko ya sake sau goma yana nan hannu ɗaya. Lokacin kwasar albasa ne, duk sa'ad da babbar mota ta zo wucewa sai mu tsaya cak muna zubar da gumi har ƙararta ta ɓace.

Mai situdiyo ya zauna gaban kwamfuta ya ɗora sare-saren da aka ɗauka ɗaya bisa ɗaya, yana ɗan ja wannan yana tura wancan, ya jefa wasu kunnen dama wasu na hagu. Ya kunna. La ilaha illallahu! Na ji gona. Na ji samari jere tun daga kusa da ƙafata har can nesa inda ba ka gane fuska, ƙasa na amsa sara, rif, rif, rif. Na dubi ɗan tulin ƙasar da ke gabana, wanda bai fi a shuka barkono tushe biyu ba, na dubi tafin hannuna da ya yi bororo, na kasa haɗa su da abin da nake ji. Tsigar jikina ta tashi.

Baba bai jira an ce masa fara ba. Ya ɗan ranƙwafa, ya ja ƙafa baya kamar mai ba jama'a hanya, ya buɗe baki: "Gero na kira, wa ka amsawa?" Ni dai ban san muryar nan ba. Na san mutumin da ke cewa a ba awaki ruwa, a rufe ƙofa. Wannan kuwa, duk da dishewar, murya ce mai fita daga can ƙasan ciki, tana hawa tana kiran gonaki da fadamu da mutanen da suka daɗe a ƙasa. Mai situdiyo ya ɗaga mini yatsa kada in ko yi tari. Tun daga fari har ƙarshe Baba bai tsaya ba, kuma bayan kowane baiti yana barin fili, gurbin amshi, saran kalme kaɗai ke tafiya a ciki. Filin nan ya fi waƙar taɓa mini zuciya.

Aka ba shi ruwan ɗumi. Mai situdiyo ya ce, "Baba, yanzu za ka ji kanka a kunne, kai za ka amsa wa kanka." Baba ya ɗan yi tunani, ya koma dama da makirfo, ya buɗe ƙirji, ya yi amshin da wata murya mai kauri da ba tasa ba: "Mu na, mu na, ga mu duƙe." Na gane ta nan take. Amininsa ne, wani ƙaton mutum da ke kawo mana rake ina yaro. Da aka gama ya koma hagu ya yi ta biyu siririya ta hanci, ta maƙwabcinmu mai faskare, har mai situdiyo ya toshe baki don kada dariya ta shiga ɗauka. Sannan ya ja can baya kusa da ƙofa ya yi ta uku. Wannan ita ce ta dame ni. Kowane amshi sai sauran sun yi nisa sannan ya shigo, ya ƙare shi kaɗai bayan kowa ya yi shiru. Na ce a raina tsoho ya gaji.

Aka kira Azahar muka je masallaci. Baba ya ce zai ɗan miƙe a inuwa, mu muka dawo. A fuskar kwamfuta kowace murya ta zama layi mai tudu da kwari, an jera su ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Biyu sun tafi tare, na ukun ya zarce su a kowane wuri, kamar shafin riga da ya leƙo ta ƙasa. Idona ya kasa barin wurin. Na ce a gyara. Mai situdiyo ya ce in bari Baba ya dawo, kuma ai na ji abin da ya ce game da latti. Na ce wancan latti na faɗin gashi ne, wannan kuwa taƙi guda ne, kuma wannan ita ce kaɗai waƙar da za ta rage, ba zan yarda jikokinsa su ji su ce tsufa ya sa ya kasa bin waƙarsa ba. Ya ce a bari. Na ɗaga murya, na ce ubana ne ko naka? Har yau ina jin kunyar wannan magana. Ya dube ni, ya yanyanka layin gunduwa-gunduwa ya jawo kowace ya daidaita ta da 'yan uwanta. Ya fito tsaf, ni kuwa har da gyaɗa kai.

Baba ya dawo. Tun daga sallamarsa na san murya ta ƙare, don iska ce kawai ke fita da ɗan kaushi. Aka sa masa a kunne. Ya ji baiti ɗaya, ya ji na biyu, fuskarsa ta canza. Ya cire abin ya dubi mai situdiyo ya ce cikin raɗa, "Malam, ina kak kai shi?"

Na yi caraf na ce, "Baba, ni na sa a gyara. Ka makara a na ukun, gajiya ce."

Ya juyo ya dube ni. Ban taɓa ganin irin wannan kallon a idonsa ba, ko ranar da na bar gona na tafi koyon ɗinki. Ya ce, "Baffanka na. Ƙanena. I'ina gare shi. In ya shiga waƙa ba ya sarƙewa, amma shigar ita ka ba shi wuya, sai ya yi kokawa da baki sannan ta fito. Shekara da shekaru ba mu taɓa jin amshi ya ƙare ba sai mun ji shi ya ƙarasa. Ni kaina shi nike jira kafin in ɗauki baiti."

Baffana ya rasu ina goye. Ban san muryarsa ba, ban ma san yana da i'ina ba, don a gidanmu ba a cika zancensa a gaban Baba ba. Wato Baba ya riƙe lattin ƙanensa a kunne duk tsawon shekarun nan, ya kashe ragowar muryarsa ya fito da shi, ni kuma na zo da idon tela na ce kuskure ne. Baba ya nufi bakin ƙofa inda ya tsaya ɗazu, ya ce a kunna ya sake. Aka kunna, ya buɗe baki, jijiyar wuyansa ta miƙe, babu abin da ya fito sai huci. Ya sake, haka. Na zauna dirshan a ƙasa.

Mai situdiyo ya ce, "Baba, kada ka wahalar da kanka. Yana nan, matsar da shi aka yi. Zo ka nuna mini wurinsa." Ya jawo masa kujera. Baba bai san karatun boko ba, bai kuma taɓa duban kwamfuta ba, sai ya rufe ido kawai. Mutumin ya kama gunduwa ta farko yana tura ta baya a hankali yana kunnawa. Baba yana cewa, "Ƙara. Ƙara kaɗan. Ka wuce, dawo. Nan." Suka koma ta biyu. Kuma ba duka ne lattinsu ɗaya ba. Baba ya ce bayan dogon baiti Baffa ya fi daɗewa, don sai ya ja numfashi, a wajen ƙarshe kuwa idan jini ya ɗumama yakan kusa kamo sauran. Haka suka bi su ɗaya bayan ɗaya har suka ƙare, ni ina zaune ina kallon ƙasa.

Sai mai situdiyo ya ce in matso. Ashe ya ajiye ɗaukar asali a wani wuri tun kafin ya taɓa ta, ya ce shi tun yana gidan rediyo ba ya sa wuƙa a murya sai ya ɓoye kwafinta. Da gangan ya bar Baba ya jera da ka, wai yana son ya ga wani abu. Ya buɗe ta asalin ya shimfiɗa ta ƙarƙashin wadda Baba ya jera da ido rufe. Ni mai auna abu ne, na kuma duba da idon da nake duba ɗinki. Kowane tudu ya hau kan tudunsa, kowane kwari ya faɗa cikin kwarinsa, tun daga fari har ƙarshe. Mutumin ya cire hularsa ya ajiye a kan tebur, yana ta faɗin Allahu akbar a hankali. Ya ce ya yi shekaru yana aiki da mawaƙa da na'ura mai riƙe musu lokaci, bai taɓa ganin irin wannan ba.

Ya ninka amshin, ya baza shi dama da hagu da nesa, amma na Baffa ya bar shi guda ɗaya can baya inda yake. Ya buɗe ƙofa don mu sha iska, ya saki waƙar a manyan lasifika. Baba ya kira, gari guda ya amsa, sannan wani mutum ɗaya ya ƙarasa shi kaɗai. Masu lodin albasa suka bar buhuna suka taru a ƙofa. Wani tsoho a cikinsu ya leƙo ya tambaya wai gayyar wa ake yi a tsakiyar bazara. Ni kuwa kuka nake yi wiwi, ban ko damu da wa ke kallona ba. Na durƙusa na ce Baba ya yafe mini. Ya dafa kaina, ya nuna mini kalmen aro da haɓa, wai in mayar wa masu shi kafin su tashi.

Ranar Litinin aka yi aiki, aka kuma yi nasara, alhamdu lillahi. Likita bai yi ƙarya ba. Baba yana magana, amma sai ka kai kunnenka kusa da bakinsa. Na sa masa waƙar a waya, idan na je Lambara ranar Juma'a nakan iske shi a zaure bayan La'asar ya ɗora ta a gwiwa tana yi. Na lura ba ya bin muryarsa ta jagora ko kaɗan, ko leɓe ba ya motsawa. Yana bari jama'a su amsa su yi nisa, sannan ya buɗe baki ba sauti, su ƙarasa tare da ƙanensa.